Yadda Ake Gane Ingancin Kulawa a Gidan Jinya na Ƙwararru a Amurka

Tambaya: Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, yana kwance a wani asibiti a Amurka, kuma likitoci sun ce nan da 'yan kwanaki za su sallame shi zuwa gidan jinya na ƙwararru domin ya ci gaba da karɓar magani da gashin ƙashi. An ba mu jerin gidaje aka ce mu zaɓa, kuma dukkansu gwanin sha'awa ne a hoto. Ta yaya zan gane gidan da ake kula da mutane da gaske?

Amsa: Malama, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Abin da aikin jinyar tsofaffi ya koya mini shi ne, ingancin irin wannan gida yana hannun mataimakan jinya, wato waɗanda suke wanke marar lafiya, su juya shi, su ciyar da shi, su kai shi banɗaki. Yawansu, da daɗewarsu a gidan, da kuma samuwar cikakkiyar nas da ke sa musu ido su ne ke yanke hukuncin ko Baba zai fito da sauƙi ko zai koma asibiti da gyambo a ƙugu. Likita ba ya zama a gidan. Dokar tarayya ta wajabta masa ganin marar lafiya sau ɗaya ne kawai a kowane kwana 30 cikin kwana 90 na farko, daga nan kuma sau ɗaya a kowane kwana 60. Saboda haka duk abin da za ki duba, ko a intanet ko da idonki, ki riƙa tambayar kanki ko yana gaya miki wani abu game da waɗannan ma'aikata.

Ki fara da bayanan hukuma, domin kyauta ne kuma cikin dare ɗaya za ki iya gama su. Gidajen jinya kusan 15,000 ne a Amurka suke karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid, wato shirye-shiryen inshorar lafiya na gwamnati, na farko domin tsofaffi da naƙasassu, na biyu domin masu ƙaramin ƙarfi, kuma duk wanda ya karɓi kuɗin dole ya bi sharuɗɗan da suka samo asali daga dokar gyaran gidajen jinya ta 1987. Hukumar CMS, wadda ke kula da shirye-shiryen biyu, tana da shafin intanet mai suna Care Compare, inda take ba kowane gida tauraro daga ɗaya zuwa biyar, tsarin da ta fara tun Disamban 2008. Taurarin rariya ne: suna taimaka miki ki tankaɗe gidajen da bai kamata ki ɓata lokaci a kansu ba, amma ba za su zaɓar miki a cikin waɗanda suka rage ba. Kada kuma ki tsaya a kan tauraron da aka rubuta a sama, domin haɗi ne na abubuwa uku da amincinsu bai zo ɗaya ba, wato sakamakon binciken sufetoci, da bayanan ma'aikata, da alƙaluman lafiyar mazauna gidan.

Binciken sufetoci shi ne wanda na fi yarda da shi, saboda baƙi ne ke yin sa. Ma'aikatan lafiya na jiha suna zuwa ba tare da sanarwa ba, tazarar da doka ta yarda tsakanin bincike da bincike ba ta wuce wata 15, sannan suna dawowa duk lokacin da aka shigar da koke mai nauyi. Ana kwatanta gida ne da sauran gidajen jiharsa, kashi 10 cikin ɗari na sama su samu tauraro biyar, kashi 20 na ƙasa su samu ɗaya, don haka tauraro huɗu a wata jiha ba lallai ne ya yi daidai da huɗu a wata ba. Abin da mutane da yawa ba sa yi shi ne buɗe rahoton kansa, takardar da ake kira fom 2567, wadda ke nan a shafin, kuma wajibi ne gidan ya ajiye kwafinta inda kowane baƙo zai iya karantawa ba sai ya roƙa ba. Kowane laifi ana ba shi harafi daga A zuwa L. Daga G zuwa sama yana nufin an cutar da wani mazauni a zahiri, J da K da L kuwa suna nufin an jefa rai ko lafiya cikin haɗari na nan take. Yawan laifuka bai kai nau'insu muhimmanci ba. Gidan da aka kama da kwanon abinci marar kwanan wata a firji daban yake da gidan da aka kama ya bar gyambo ya ci nama har ƙashi ba a sanar da likita ba. Mafi muni kuma shi ne laifi iri ɗaya ya maimaitu a bincike bayan bincike, domin wannan yana nuna shugabannin gidan sun iya rubuta alƙawarin gyara a takarda amma ba su iya aiwatar da shi ba. Idan kika ga alamar jan tafin hannu kusa da sunan gida, alama ce da aka fara sakawa a 2019 ga gidajen da aka samu da laifin cin zarafin mazauna, ni kam ba zan kai nawa can ba matuƙar akwai wani zaɓi. Haka nan gidajen da CMS ta saka a jerin masu buƙatar sa ido na musamman saboda daɗewarsu cikin laifi.

Sai bayanan ma'aikata, kuma a nan ya kamata ki fi daɗewa. Tun 2016 gidaje suke miƙa wa hukuma sa'o'in aikin ma'aikatansu daga takardun biyan albashi, abin da ya rage ƙaryar da ake yi a da, lokacin da gida ke ƙara ma'aikata idan ya ji ƙamshin zuwan sufetoci. Adadin da za ki gani shi ne sa'o'in jinya da kowane mazauni ke samu a rana. Wani nazari da aka yi wa CMS a 2001 ya nuna cewa idan adadin ya gaza sa'a 4.1 ga masu dogon zama, matsaloli suna fara bayyana, kuma a cikin wannan adadi sa'a 2.8 na mataimakan jinya ne, minti 45 na cikakkun nas-nas masu rajista. Gidaje da yawa ba su kai nan ba, dokar tarayya kuma ba ta tilasta musu ba. Abin da ta daɗe tana nema shi ne a samu nas mai lasisi dare da rana, da cikakkiyar nas ta sa'a 8 a jere kowace rana. An fitar da ƙa'idar sa'a 3.48 a 2024, amma wata kotun tarayya a Texas ta soke ta a 2025, don haka kada ki ɗauka cewa doka ta riga ta tsare miki wannan ɓangare.

Lissafin yana da sauƙi idan aka sauko da shi ƙasa. Mataimakiyar jinya da ke aikin sa'a 8 tana da minti 480. Idan mutum 8 aka ba ta, kowa zai samu sa'a guda. Idan 15 aka ba ta, kowa minti 32 ne, tun kafin a cire lokacin cin abincinta da na cike takardu, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ake so ta yi wa mutum wanka, ta sa masa kaya, ta goge masa baki, ta ciyar da shi sau biyu, ta kai shi banɗaki duk sanda ya nema, ta juya shi kowace sa'a biyu. Mai shanyewar ɓarin jiki sau da yawa sai da mutum biyu ake ɗaga shi. Abin da ke faruwa idan hannu ya yi kaɗan sananne ne: za a ɗaura wa mutumin da yake iya riƙe fitsari ƙunzugu don babu mai kai shi banɗaki, za a ɗauke farantin abinci da rabinsa don babu mai zama ya ba shi a baki, za a bar shi a gado har azahar. Ba mugunta ba ce ta ma'aikatan, galibinsu mutanen kirki ne da ake biya albashi kaɗan, amma sakamakon a jikin Baba ɗaya ne.

Tun Janairun 2022 shafin yana nuna wasu abubuwa biyu da nake ganin sun fi taurarin amfani, wato yawan ma'aikata a ƙarshen mako da kuma kason waɗanda suka bar aiki cikin shekara. Wani bincike da mujallar Health Affairs ta buga a 2021 ya gano cewa a gida na tsaka-tsaki, sauyin ma'aikatan jinya a shekara ya kai kashi 94 cikin ɗari. Dalilin da ya sa wannan ya dame ni shi ne, tsoho ba ya nuna ciwo kamar yaro. Ciwon huhu ko cutar mafitsara na iya fara masa ba tare da zazzaɓi ba, sai dai a ga ya bar abin da ya saba sha da safe, ko yana karkata gefe a kujera, ko ya kira mutum da sunan da ba nasa ba. Wadda ta yi wata shida tana wanke shi ita ce za ta lura da haka ranar Talata, a kira likita, a fara magani a gadonsa. Baƙuwar da aka ɗauko haya daga kamfani ranar nan ba ta san yadda yake jiya ba, don haka sai ranar Juma'a da dare za a kira motar asibiti. Ki tambayi gidan ko ma'aikaciya ɗaya ce ke riƙe da mutane ɗaya kullum ko ana jujjuya su, da kuma kason ma'aikatan haya a cikinsu. Doka ta ce a liƙa adadin ma'aikatan kowace rana a inda jama'a za su gani, sai ki karanta takardar, ki ƙirga waɗanda idonki ya gani a sashen.

Kashi na uku, alƙaluman lafiyar mazauna, shi ne mafi rauni, domin yawancinsa gidan ne da kansa yake cikewa. Gidan da ke da tauraro biyar a nan amma biyu a binciken sufetoci da ma'aikata, ki yi masa kallon tuhuma. Waɗanda za ki iya dogara da su su ne waɗanda aka ciro daga takardun biyan kuɗin Medicare, kamar kason masu gajeren zama da aka mayar asibiti cikin kwana 30, da waɗanda aka kai sashen gaggawa, da waɗanda suka samu komawa gidajensu. Tun da Baba gajeren zama zai yi in Allah ya yarda, waɗannan ne suka shafe ku. Ki kuma duba kason waɗanda ake ba magungunan taɓin hankali. Hukumar FDA, mai kula da ingancin abinci da magunguna a Amurka, ta yi gargaɗi tun 2005 cewa irin waɗannan magunguna suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu ciwon mantuwa, amma gidan da ba shi da isassun hannu yakan yi amfani da su don a samu shiru. Har an samu gidajen da ke rubuta wa tsofaffi cutar taɓin hankali ta sikizofireniya ta ƙarya don kada a ƙirga su cikin alƙaluman, tun da ba a ƙirga masu wannan cuta, abin da ya sa CMS ta fara bin diddigin lamarin a 2023.

Bayan kin rage jerin zuwa gida biyu ko uku, gani ya kori ji. Ki amsa gayyatar mai tallan gidan idan kina so, amma ziyarar da za ta gaya miki gaskiya ita ce wadda kika yi ba da sanarwa ba, da yamma ko ranar Lahadi, kuma a daidai lokacin cin abinci. Ki nemi ganin ainihin sashen da za a kwantar da Baba, har da sashen masu dogon zama, domin wasu gidajen suna ƙawata ɓangaren da Medicare ke biya da tsada su yi watsi da sauran, kuma halin da ake ciki a ɓangaren da ba a tallatawa shi ne halin gidan. Ki tsaya a baranda ki lura da fitilar da ke kunnuwa a saman ƙofa idan marar lafiya ya danna ƙararrawa, ki duba agogonki ki ga minti nawa take yi kafin wani ya shiga, ki kuma lura ko ma'aikatan da ke wucewa suna leƙawa ko kowa yana cewa ba ɗakinsa ba ne. Warin fitsari a ɗaki guda na ɗan lokaci ba komai ba ne, amma zarnin da ya kama labule da kujeru ko ƙamshin feshi mai hawa kai yana nufin ana barin mutane cikin jiƙa. Ki dubi mazauna da kyau: farcensu, da gemunsu, da leɓunansu ko a bushe suke, ko ruwan sha yana inda hannunsu mai lafiya zai kai, ko igiyar ƙararrawa tana kusa ko ta faɗa bayan gado, ko an jera su a kekuna gaban talabijin kawunansu a sunkuye da rana tsaka.

Ɗakin cin abinci shi ne wurin da ba a iya ɓoye komai. Ki kalli yadda ake ciyar da wanda ba ya iya ci da kansa. Mai ciyarwa ta gari tana zaune daidai fuskarsa, ta zaunar da shi sosai, tana jira ya haɗiye kafin ta miƙa wani cokalin, tana yi masa magana da sunansa. Wadda aiki ya yi wa yawa tana tsaye a kansa, tana ɗura wa mutum uku a lokaci guda, tana hira da abokiyar aikinta ta saman kawunansu. Wannan ya shafi Baba kai tsaye, domin matsalar haɗiya ta zama ruwan dare bayan shanyewar ɓarin jiki, kuma abinci ko ruwan da ya bi ta maƙogwaron numfashi shi ne ke jawo ciwon huhun da ke kashe da yawa daga cikin masu wannan lalura. Ki tambaya ko akwai ƙwararren da ke gwada haɗiya da koyar da magana, kwana nawa yake zuwa a mako, da yadda umarninsa kan kaurin ruwa da laushin abinci ke isa ga mai dafawa da mai ciyarwa na dare.

Game da gashin ƙashi kuwa, kafin komai ki tambayi likitocin asibitin ko Baba ya cancanci asibitin farfaɗo da gaɓoɓi, inda ake yin sa'a uku a rana, kwana biyar a mako. Jagorar ƙungiyar likitocin zuciya da shanyewar jiki ta Amurka ta 2016 ta fifita shi a kan gidan jinya ga wanda zai iya jure wa. Idan ƙarfinsa bai kai ba, to ki tambayi gidan jinyar minti nawa zai samu a rana, kwana nawa a mako, shi kaɗai ko a rukuni, da ko ana yi ranar Asabar. Ki tambaya kuma abin da ke faruwa a sauran sa'o'in yini, domin atisayen minti 45 ba ya amfanar wanda za a mayar gado ya wuni kwance. Idan aka ce miki ba a taɓa faɗuwa a gidan ba, ko dai ba a faɗa miki gaskiya ba ko kuma ba a barin kowa ya tashi. Amsa mai kyau ita ce wadda ta bayyana abin da suke yi bayan faɗuwa, da wanda ke binciken dalili, da lokacin da ake kiran iyali. Ɗaure marar lafiya a kujera ko gado don sauƙin ma'aikata haramun ne a dokar 1987.

Wadda ya kamata ki zauna da ita ita ce shugabar nas-nas, ko da na minti goma ne. Ki tambaye ta tsawon zamanta a kujerar, da na manajan gidan, domin gidan da ke canza shugabanni duk shekara ba ya riƙe tsari. Ki ɗauko laifi mafi muni a rahoton sufetoci ki tambaye ta abin da ya faru. Mai gaskiya za ta faɗa miki abin da suka canza, ɗayar kuma za ta zargi sufeto. Ki duba masu gidan a shafin hukuma da ko ya sauya hannu kwanan nan. Kusan kashi 70 cikin ɗari na gidajen na neman riba ne, wannan shi kaɗai ba laifi ba ne, amma wani nazarin masana tattalin arziki na 2021 ya gano cewa mace-mace sun ƙaru da kimanin kashi 10 cikin ɗari a gidajen da kamfanonin zuba jari masu zaman kansu suka saya, tare da raguwar ma'aikatan jinya. Sannan ki kira ofishin ombudusman na yankin, wato jami'in karɓar koken mazauna gidajen jinya, wanda dokar tarayya ta wajabta wa kowace jiha tun 1978. Aikinsa kyauta ne, yana shiga gidajen a kai a kai, kuma zai iya gaya miki irin koken da ya fi yawa a kowane gida.

Auna gida ba ya ƙarewa ranar da aka kwantar da Baba. Cikin sa'a 48 dole a rubuta masa tsarin kulawa na farko a ba ku taƙaitaccensa, cikin kwana 14 a kammala cikakken gwaji, bayan kwana 7 kuma a fitar da cikakken tsari, wanda shi da ku kuke da haƙƙin halartar zaman tsara shi. A nan ne za ki faɗi harshen da ya fi ji, da abincin da addininsa ya yarda da shi, da lokutan barcinsa, duk doka ta ce a kula da su. A ranar farko ki kwatanta jerin magungunan asibiti da na gidan layi bayan layi, domin a wannan gaɓa ake yawan yin kuskure, musamman a maganin tsinka jini. Ki nemi kasancewa wurin idan ana canza masa kaya, ki dubi dugadugansa da ƙashin bayan ƙugunsa da kwatangwalo. Wurin da ya yi ja kuma bai washe ba idan an danna shi mataki na farko ne na gyambon kwanciya, a baƙar fata kuwa ba ja ake gani ba, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi tauri ko ɗumi fiye da kewayensa, kuma ma'aikatan da ba su saba ba sukan wuce shi. Ki riƙa tambayar nauyinsa, domin raguwar kashi 5 cikin ɗari a wata guda abu ne da dole a ɗauki mataki a kansa. Idan da robar fitsari ya zo, ki tambayi ranar da za a cire ta.

A takardun shiga, kada ki sa hannu a matsayin wadda za ta biya bashi daga aljihunta, domin gida ba shi da ikon sharɗanta haka, kamar yadda ba shi da ikon tilasta muku yarjejeniyar sasanci da ke hana zuwa kotu, kuma ko an sa hannu a kanta ana iya janyewa cikin kwana 30. Asalin Medicare, wanda gwamnati ke gudanarwa da kanta, yana biyan kuɗin gidan jinya ne idan an kwantar da mutum a asibiti kwana uku a jere a matsayin cikakken majinyaci, kwanakin da aka rubuta shi a matsayin wanda ake lura da shi kawai ba sa shiga lissafi, don haka ki tabbatar da matsayinsa tun yanzu. Kwana 20 na farko babu abin da za ku biya, daga na 21 zuwa na 100 akwai kason yau da kullum wanda ya kai dala 209.50 a 2025, tsarin Medicare Advantage kuwa, wanda kamfanonin inshora masu zaman kansu ke gudanarwa, yana da nasa sharuɗɗan da nasa jerin gidaje. Idan gidan ya ce za a daina biya saboda Baba ya daina samun ci gaba, dole su ba ku takardar sanarwa aƙalla kwana biyu kafin ranar, kuma a jikinta akwai lambar da za ki kira don ɗaukaka ƙara cikin gaggawa, kafin ƙarfe 12 na ranar da ta biyo bayan karɓar takardar. Sasancin shari'ar Jimmo na 2013 ya tabbatar da cewa rashin ci gaba shi kaɗai ba hujja ba ce ta yanke biya, muddin yana buƙatar hannun ƙwararru don riƙe abin da ya samu ko hana jikinsa komawa baya.